Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙwayoyin Maye da Magungunan Asibiti da Ake Sha Ba Bisa Ƙa'ida Ba

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin iyaye, ma'aurata, masu jinya, da su kansu masu shan. An fara da na farko-farko kafin a shiga masu zurfi. Wanda ke da mutum kwance a gabansa yanzu ba ya motsi, ya tsallake kai tsaye zuwa amsar da ke bayani kan wanda ƙwaya ta fi ƙarfinsa.

Mene ne bambancin ƙwayar da doka ta haramta da maganin asibitin da ake sha don maye?

Bambancin a wajen hukuma yake, jiki bai san da shi ba. Hirowin da mofin da kodin da tiramadol duk wuri ɗaya suke kamawa a ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake haɗa su a gida ɗaya, dangin ofiyam. Ita kanta hirowin, kamfanin Bayer na Jamus ne ya fara sayar da ita a 1898 a matsayin maganin tari, kafin a gane irin kamun da take yi. Yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1961 da 1971 da 1988 ne suka tsara waɗanda za a hana gaba ɗaya da waɗanda za a bari a hannun likitoci.

Abin da ke sa maganin asibiti ya zama mai amfani abu uku ne: an san adadin da ke cikinsa, an auna shi da ciwon mutum da shekarunsa, kuma akwai ranar dainawa. Da zarar ɗaya ya faɗi, takardar likita ba ta kare kowa. Amurka ta gani da idonta: OxyContin, wani maganin ciwo na dangin ofiyam, ya shiga kasuwa a 1996 ta hannun likitoci, daga nan mutane da yawa suka zarce zuwa hirowin, sannan fentanil, wani ɗan dangin mai tsananin ƙarfi, har mutuwar da ƙwaya ke jawowa a ƙasar ta haura mutum 100,000 a shekarar 2021 kaɗai.

Yaushe ake cewa mutum na shan magani ba bisa ƙa'ida ba?

In ya ƙara adadi a kan abin da aka rubuta masa, ko ya matso da lokacin sha, ko ya ci gaba bayan ciwon ya warke, ko ya sha na wani, ko ya sha don wani dalili daban, kamar neman barci, ƙarfin aiki ko mantuwa da damuwa. Haka kuma wanda ke farfasa ƙwayar da aka yi ta don ta narke a hankali cikin awa 12 ko 24: abin da aka raba wa yini guda ya shige shi a lokaci ɗaya.

Sabo, dogaro da jaraba, ba abu ɗaya ba ne?

A'a, kuma rashin bambance su na jawo ɓarna ta ɓangare biyu. Sabo shi ne adadin da ke aiki a da ya daina aiki, sai an ƙara. Dogaro shi ne jiki ya daidaita kansa da ƙwayar, ta yadda in aka yanke ta sai ciwo ya taso. Waɗannan biyun na iya samun duk wanda ya sha dangin ofiyam ko maganin barci kullum na 'yan makonni, ko da bai taɓa saɓa wa likita ba. Mai ciwon daji da ke shan mofin yana da dogaro, amma ba ɗan ƙwaya ba ne, kuma hana shi maganinsa zalunci ne.

Jaraba kuwa a ɗabi'a ake ganinta. Mutum ya yi niyyar shan ɗaya ya sha biyar. Ya sha alwashin dainawa ya kasa. Tunaninsa da kuɗinsa da lokacinsa su koma kan nema, ya ci gaba alhali yana kallon aikinsa da gidansa suna rushewa. Dalili kuwa, waɗannan ƙwayoyi na tunzura sinadarin dofamin a sashen ƙwaƙwalwar da ke koya wa mutum abin da ya kamata ya maimaita. A hankali abubuwan da ke faranta rai a da su dusashe, sai ya zamana ba daɗi yake nema ba, yana sha ne kawai don ya ji shi daidai kamar kowa.

Me ya sa tiramadol ke sa mutum faɗuwa yana jijjiga?

Tiramadol aiki biyu yake yi. Yana kama wurin da mofin ke kamawa, sannan yana ƙara sinadaran serotonin da noradirenalin kamar yadda wasu magungunan ciwon damuwa ke yi. Wannan aiki na biyu ne ke sa mai sha ya ji kamar an ƙara masa kuzari, kuma shi ne ke jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, har ga wanda bai taɓa yin farfaɗiya ba. Iyakar da likitoci ke ba babban mutum ita ce miligiram 400 a yini, a rarrabe, kuma ƙwayar asibiti ta yau da kullum miligiram 50 ce. Waɗanda ake fataucinsu ta bayan fage kuwa sukan zo da 200 ko 225 a ƙwaya ɗaya, wato biyu kacal sun kai iyaka ko sun wuce. Jijjigar kan zo ma ƙasa da wannan adadi ga mai shan magungunan ciwon damuwa irin su fuluwoksetin, sataralin ko amitiriptilin. Haɗin nan na iya kawo wata matsalar ta daban: zazzaɓi mai zafi, gumi, karkarwa, sanƙarewar tsoka da ruɗewa, kuma wannan na asibiti ne nan take.

Masu shansa don aikin ƙarfi su sani ba ƙarfi yake ƙarawa ba, gajiya da ciwo yake rufewa, sai mutum ya yi ta aiki a kan rauni bai sani ba. Masu shansa don jinkirta kawowa wajen saduwa kuwa sun yi gudun gara sun faɗa gidan zago, domin dangin ofiyam in aka daɗe ana sha suna rage sinadarin maza na testosteron, sha'awa ta mutu, gaba ya yi sanyi.

Kodin ai maganin tari ne. Ina haɗarinsa?

Kodin da kansa ba shi da wani ƙarfi. Hanta ce ke juya wani kaso nasa zuwa mofin, kuma mutane sun bambanta a nan ta hanyar gado. Wasu hantarsu kusan ba ta juya shi, wasu kuma tana juyawa da sauri ƙwarai, kuma an fi samun irin waɗannan a Habasha, Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya. Kwalbar da ta sa wani gyangyaɗi kawai tana iya tsayar da numfashin abokinsa. Saboda haka ne hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin da tiramadol a 2017, ta kuma gargaɗi masu shayarwa.

Sannan kodin ba ya cika zuwa shi kaɗai. A ruwan maganin tari akan haɗa shi da magungunan mura masu sa barci irin su furometazin. A ƙwaya kuma akan haɗa shi da farasitamol, wanda iyakarsa giram 4 ne a yini ga babba. Mai bin kodin yana ƙara ƙwayoyi bai san farasitamol yake tarawa ba. Mugun abin shi ne a rana ta farko ba a ganin komai sai ɗan tashin zuciya, sai rana ta uku ko ta huɗu ido ya yi rawaya, hanta ta gaza. Maganin karya dafinsa, asetilsistin, ya fi aiki cikin awa 8 na farko, don haka ba a jiran alama kafin a tafi asibiti.

Maganin barci fa, irin su Valium da Rohypnol?

Waɗannan dangin benzodiyazefin ne. Suna kwantar da ƙwaƙwalwa, suna da amfani wajen tsananin fargaba, farfaɗiya da shirin tiyata, amma ƙa'idar ba da su don barci ko damuwa ba ta wuce mako 2 zuwa 4. Suna goge tunanin abin da ya faru bayan an sha, suna cire kunya da tsoro, shi ya sa za ka ga mutum ya yi faɗa ko ɓarna da daddare, da safe ya rantse bai yi ba, kuma a iya saninsa gaskiya yake faɗa. Diyazefam, wato Valium, kan kwana biyu ko fiye a jiki, mai sha kullum yana ɗora na yau a kan na jiya. Tsofaffi kan faɗi su karye a dalilinsa. Su kaɗai ba su cika kisa ba, ɓarnarsu a wuri biyu take: haɗawa da wani abu, da yankewa lokaci guda, kuma kowanne na da amsarsa a ƙasa.

Da gaske wiwi ba ta kama mutum, tunda ganye ce?

Tana kamawa. Kusan mutum 1 cikin 10 na masu sha kan kamu, kuma adadin ya kai kusan 1 cikin 6 ga wanda ya fara tun yana matashi, lokacin da ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa ba, ginin da ke kaiwa wajen shekara 25. Mai sha kullum in ya daina yakan yi saurin fushi, barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, na tsawon mako biyu ko kusa. Babbar damuwar likitocin ƙwaƙwalwa ita ce taɓin hankali: jin muryoyi da zargin ana bin mutum. Haɗarin ya fi yawa ga mai shan mai ƙarfi kullum, wanda ya fara da wuri, ko mai irin wannan ciwo a danginsa. Akwai kuma wani amai mai naci da ke kama waɗanda suka daɗe suna sha, wanda alamarsa ita ce mutum ya ji sauƙi in ya yi wanka da ruwan zafi, kuma ba ya warkewa sai an bar shan.

Ganyen da ake fesa wa sinadaran da ke kwaikwayon wiwi wani abu ne daban. Ƙarfinsu ya ninka nata, feshin ba ya bazuwa daidai, kuma suna kawo jijjiga, gazawar ƙoda da mutuwa.

Hodar iblis da metamfetamin, me suke yi?

Su masu zaburarwa ne: zuciya ta yi gudu, jini ya hau, jiki ya yi zafi, barci da yunwa su ɗauke. Aikin hodar iblis ba ya wuce rabin awa ko makamancin haka, shi ya sa ake maimaitawa. Tana matse jijiyoyin jini, tana kawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga matashin da ba shi da ciwon komai. Metamfetamin kan kai awa 8 zuwa 12 ko fiye, mutum ya yi kwanaki ido biyu, daga nan zargi da gane-gane su fara, ya riƙa tsagar fatarsa yana cewa ƙwari na yawo a ciki, haƙora su lalace saboda bushewar baki da cije-cije. Ciwon ƙirji, matsanancin ciwon kai ko jiki ya yi zafi rau bayan an sha, duk na gaggawa ne.

Shaƙar sholisho ko fetur, ba ta fi sauƙi ba?

Ba ta fi ba. Sinadaran na cin rigar da ke lulluɓe jijiyoyi, su bar mutum da rawar hannu, tangaɗi, raunin ji da mantuwa, wani lokaci har abada. Kuma suna iya kisa a shaƙar farko, domin suna sa zuciya ta kasa jure firgita. In aka tarar da yaro yana shaƙa, kada a daka masa tsawa, kada a bi shi da gudu. A yi masa magana a hankali, a janye abin, a buɗe wurin iska ta shiga. Faɗa ya jira.

Me ya sa haɗa ƙwayoyi ya fi komai kisa?

Numfashi ba da niyya ake yin sa ba, wani sashe ne a gindin ƙwaƙwalwa ke kula da shi ko mutum na barci. Dangin ofiyam na danne wannan sashe ta wata hanya, giya da maganin barci da firegabalin (maganin ciwon jijiya da farfaɗiya) na danne shi ta wasu hanyoyin. In suka haɗu, adadin da kowannensu shi kaɗai ba zai yi kisa ba sai ya isa. Mafi yawan irin wannan mutuwa ba farat ɗaya take zuwa ba: mutum ya kwanta, ya yi ta wani irin minshari mai kama da shaƙewa, mutanen gida su ce a bar shi ya huta, da safe a tarar ya sandare.

Haɗa mai zaburarwa da mai kwantarwa ma ba ya daidaita komai. Mai zaburarwar kan riga sakin mutum, ta bar shi da nauyin ɗayar. Hodar iblis da giya kuwa, hanta na haɗa su ta fitar da wani sinadari na uku da ya fi daɗewa a jiki kuma ya fi cutar da zuciya.

Ƙwayar da ke cikin fakiti mai tambarin kamfani, ba za a amince da ita ba?

In ba daga kantin magani mai lasisi ta fito ba, tambari ba shaida ba ne. Ana buga ƙwayoyin jabu da kamanni da lambobin na gaske. Fentanil ya ninka mofin ƙarfi sau 50 zuwa 100, kuma miligiram 2 nasa na iya kashe wanda bai saba ba. Akwai kuma dangin nitazin, su ma masu aiki irin na ofiyam, waɗanda aka ƙirƙira tun shekarun 1950 amma ba a taɓa amincewa a ba marasa lafiya ba, wasunsu sun fi fentanil ƙarfi. Masu haɗa jabu ba su da injin gauraya na ƙwarai, don haka ƙwaya biyu daga leda ɗaya na iya bambanta nesa ba kusa ba.

Yaya ake gane ƙwaya ta fi ƙarfin mutum, kuma me za a yi?

Ga dangin ofiyam alama uku ce: ba ya farkawa, numfashi ya ragu ko ya tsaya, ƙwayar ido ta tsuke kamar bakin allura. Babba mai lafiya na numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. In ya sauka ƙasa da 10, ko ana jin gargara, ko leɓe da farce da dasashi sun yi toka-toka ko shuɗi, abin ya zama na gaggawa. A kira sunansa da ƙarfi, a murza ƙashin tsakiyar ƙirjinsa da gaɓoɓin yatsu. In bai motsa ba, wani ya nemi motar asibiti nan take. In akwai naloksun, wato maganin karya dafin dangin ofiyam, a ba shi, na feshin hanci ko na allura a cinya, a sake bayan minti 2 zuwa 3 in bai farfaɗo ba. In ba ya numfashi sosai, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska a baki sau ɗaya duk daƙiƙa 5. In numfashi ya tsaya cak kuma babu alamar rai, a danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti. In yana numfashi, a juya shi gefe guda, a lanƙwasa gwiwar sama, fuska ta ɗan kalli ƙasa don kada amai ya shaƙe shi.

Ko ya farka ya ce lafiyarsa ƙalau, tsugune ba ta ƙare ba. Naloksun minti 30 zuwa 90 yake aiki, ƙwayar kuwa na iya fin haka daɗewa, sai ya sake suma. Naloksun ba ya karya giya ko maganin barci, kuma a kan tiramadol rabin aiki yake yi, ba ya hana jijjiga. Duk da haka in ana shakka a bayar. A tafi asibiti da fakiti ko kwalbar da aka gani kusa da shi, a faɗa wa ma'aikata gaskiya.

Abubuwan da ba a yi: ɗura wa sumamme madara, mai ko ruwan gishiri, domin huhu suke tafiya, sa shi amai, tsoma shi a ruwan sanyi, barinsa shi kaɗai. Mai jijjiga kuma ba a danne shi, ba a cusa masa cokali a baki. A kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a duba agogo. Jijjigar da ta wuce minti 5 ko ta maimaitu na buƙatar allura a asibiti.

Za a iya kulle mutum a ɗaki ya daina lokaci guda?

Ya danganta da abin da yake sha, kuma a nan iyalai suka fi yin kuskure. Ga giya da maganin barci, yankewa lokaci guda na iya kisa. Ƙwaƙwalwar da ta saba da dannewa takan zabura fiye da kima: karkarwa, jijjiga, gane-gane, ruɗewa. Ga mashayin giya mafi munin yanayin kan zo kwana 2 zuwa 3 bayan kofin ƙarshe. Maganin barci yaye shi ake yi, likita na rage kusan kashi 5 zuwa 10 cikin 100 duk mako ɗaya ko biyu, abin ya ɗauki watanni. Firegabalin ma a hankali ake sauka daga kansa.

Yanke dangin ofiyam azaba ce amma ba ta cika kisa ba: hamma, hawaye, majina, ciwon ƙashi, murɗar ciki, amai da gudawa. Takan fara awa 8 zuwa 24 bayan sha na ƙarshe, ta yi tsanani a rana ta biyu da ta uku, ta lafa cikin kwana 4 zuwa 10. Haɗarin da ke ciki shi ne ƙarewar ruwan jiki. Na tiramadol kan zo da ƙarin fargaba, ruɗewa da jin kamar lantarki na ratsa kai. Ɗaure mutum da mari ko duka ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma babban haɗarin yana gaba, kamar yadda amsa ta gaba ta nuna.

Me ya sa wasu ke mutuwa bayan sun daina?

Saboda sabon da aka yi bayani a sama yana zubewa cikin 'yan kwanaki zuwa makonni. Wanda ya fito daga gidan yari, asibiti ko gidan gyaran hali, in ya koma kan adadin da ya saba a da, jikinsa ya zama kamar na sabon shiga. Makonnin farko bayan fitowa su ne mafi haɗari. A wannan lokacin ne ya fi dacewa a ajiye naloksun a gida, kowa ya san inda yake da yadda ake amfani da shi.

Akwai magani na haƙiƙa, ko sai ƙarfin zuciya?

Ga dangin ofiyam akwai metadon da bufurenofin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin muhimman magunguna tun 2005. Ana shansu a ƙarƙashin kulawa, suna kashe ƙishirwar ƙwaya ba tare da hawa da saukar maye ba, kuma suna rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. Masu cewa an musanya ƙwaya da ƙwaya ne sun manta cewa mai shansu na iya tashi ya tafi aiki. Ga wiwi da masu zaburarwa babu maganin sha da aka tabbatar, tattaunawa da ƙwararru don sauya tunani da ɗabi'a ce ke aiki. Dole kuma a duba abin da ya kai mutum tun farko, ko ciwon jiki ne, ko damuwa, ko rashin barci. Wanda ya taɓa yin allura a gwada shi cutar ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C. Na C yanzu ana warkar da shi da ƙwayoyi cikin mako 8 zuwa 12. Komawa sha bayan an daina kan faru ga kashi 40 zuwa 60 cikin 100, kuma abin da ake yi a lokacin shi ne a koma wurin likita a gyara tsarin jinyar.

Mai ciki da ke shan tiramadol ko kodin ta daina yau?

Kada ta yanke da kanta. Azabar yankewa na taɓa ɗan tayi, tana iya jawo ɓari ko haihuwa kafin lokaci. Ta faɗa wa masu awo gaskiya, domin akan mayar da ita kan metadon ko bufurenofin, kuma a shirya wa jaririn, wanda zai iya yin kuka mai tsini, karkarwa da ƙin kama nono a kwanakin farko. Ana jinyar wannan ya wuce.

Gwajin fitsari na nuna komai?

A'a. Hodar iblis da yawancin dangin ofiyam kan ɓace cikin kwana 2 zuwa 4, wiwi kuwa na iya kai wata guda a jikin mai sha kullum. Gwajin ofiyam na gama-gari sau da yawa ba ya kama tiramadol ko fentanil sai an nemi nasu na musamman, kuma wasu magungunan mura kan sa ya nuna abin da babu. Gwaji na nuna an sha kwanan nan ne kawai, ba ya nuna jaraba.

Yaya za a yi da ragowar magani a gida?

A kulle shi, a riƙa ƙirga ƙwayoyin, kada a ba wani ko da ciwonsa ya yi kama da naka. In an gama jinya a mayar da ragowar kantin magani ko asibitin da ke karɓa. In babu, a ciro ƙwayoyin daga fakiti ba tare da an daka su ba, a cakuɗa da ƙasa ko toka mai damshi, a ɗaure a leda a jefa a shara, a kuma goge suna daga jikin kwalbar. Filastar fentanil da aka cire daga fata har yanzu da sauran magani a jikinta da zai iya kashe yaro, don haka a ninke ta gida biyu, ɓangaren mai danƙo ya manne da juna, kafin a mayar ko a zubar inda hannun yaro ba zai kai ba.